Shaye-shaye, ciki, tazarar haihuwa da shimfiɗar aure: tambayoyin da ake yi min a ɓoye

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin awo kafin aka maida ni ɓangaren masu fama da shaye-shaye, to kunga na zauna a ɗakunan biyu kenan. Tambayoyin nan ba'a yinsu a kan layi. Sai an watse, ina haɗa jaka, mace ta leƙo tace "Sista na manta katina", kuma ga katin a hannunta ina gani. Wasu a gidan biki suke ja na gefe, wasu ta bakin ƙawa wai "wata ce tace in tambaye ki". Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa.

Sista wai meye haɗin awon ciki da maganin shaye-shaye? Ai kowanne da asibitinsa.

To nan fa matsalar take. Mace ɗaya ce, jiki ɗaya, amma mun raba ta gida biyu. A ɗakin awo za'a auna ta, a duba jini, a taɓa ciki, a bata maganin ƙarin jini, babu mai tambayar ta ko tana shan wani abu, dan an ga hijabi har ƙasa an ga Hajiya ce. A ɓangaren shaye-shaye kuma za'a tambaye ta kwalba nawa take sha a rana, tun yaushe, wa ya koya mata, amma babu mai cewa yaushe rabonki da al'ada. Na taɓa ganin yarinyar da ta yi sati uku a kwance ana bata magunguna, tana ta amai ana cewa ai ƙwayar ce take fita daga jikinta, sai wata mai shara ce, dattijuwa, ta kalle ta tace "yarinyar nan fa ciki ne da ita". Aka gwada, wata uku. Abin gwajin nan na fitsari da ko kuɗin katin waya bai kai ba, shi ne ba'a yi mata ba ranar da ta shigo.

Abin da ake nufi da haɗa su ba wani sabon gini bane. Duk ƙofar da mutum ya shigo, a duba shi gaba ɗaya: in ta zo dan shaye-shaye a yi gwajin ciki, HIV, ciwon hanta, ciwon sanyi, a yi maganar tazarar haihuwa. In ta zo awo a tambaye ta cikin mutunci ko tana amfani da wani abu dan bacci ko dan damuwa. In abin ya fi ƙarfin wajen, a haɗa ta da inda za ta je da takarda da sunan wanda za ta gani, ba "je ki asibitin ƙwaƙwalwa" kawai ba, dan wallahi ba za ta je ba.

Mata ma suna sha har haka, ko dai ana zuzutawa ne?

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Miliyan 4.6 magunguna irin su tramol suke sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Amma ki leƙa duk wani ɗakin jinyar shaye-shaye ki ƙirga gadajen mata. Namiji in ya lalace ana cewa a kai shi asibiti, mace in ta fara ana cewa a rufa asiri kar ta rasa miji.

Kuma na mata ba'a bakin kasuwa ake shan sa ba. A uwar ɗaka ne, a cikin robar lemo, a gidan suna. Tun da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 kuɗinsa ya tashi, da yawa suka koma roche (wata ƙwayar bacci mai ƙarfi) da tramol da su diyazafam, wasu allura.

Anti ina shan kodin da tramol kullum, yanzu na gano ina da ciki wata biyu. In watsar yau yau?

A'a ƙanwata, kar ki yanke shi rana ɗaya ke kaɗai a ɗaki. Na san abin da zuciyarki take gaya miki kenan, kuma niyyar mai kyau ce, amma jikin da ya saba da kodin ko tramol kullum in aka katse masa lokaci guda zai shiga wani hali, zufa, gudawa, amai, ciwon gaɓoɓi, rashin bacci, murɗawar mara, kuma abin da ke cikinki shi ma yana shiga wannan halin tare da ke. Zai iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Sannan abin da ya fi yawan faruwa shi ne mace ta daure kwana huɗu biyar, ta kasa, ta koma ta sha adadin da ta saba ko fiye, to wannan hawa da saukar ya fi komai wahalar da ciki.

In roche ko diyazafam ne ma abin ya fi haɗari, dan katse su farat ɗaya yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Giya ma haka ga wadda ta saba kullum.

Hukumar lafiya ta duniya tun 2014 ta fitar da ƙa'ida a kan masu ciki da ke shaye-shaye, kuma ga wadda jikinta ya kamu da dangin kodin, wato kodin da tramol da makamantansu, abin da ta fi so shi ne a ɗora ta a kan magani mai tsayar da jiki wuri ɗaya, metadon ko bufrenofin, a ƙarƙashin likita har ta haihu. A wajenmu har yanzu ba ko'ina ake samun su ba, gaskiya kenan, to inda babu likita ne zai tsara miki yadda za'a bi a hankali, wani lokacin sai an kwantar da ke. Abin da zaki yi yau: kar ki ƙara adadi, kar ki haɗa da wani abu musamman maganin bacci, ki fara shan folik asid, ki je awo cikin satin nan ki faɗi gaskiyar abin da kike sha da yawansa. In da hali ki tafi da kwalin ko kwalbar.

Wiwi da sigari da shisha da sholisho su kam babu wannan dogon lissafin, daina su shi ne alheri, yau ta fi gobe.

In na faɗa wa nas, ba za ta kira 'yan NDLEA ba? Ko ta gaya wa maigidana?

Aikinmu ba kamu bane. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba'a fitar da shi sai da izininsa ko umarnin kotu ko wani dalili da doka ta ambata. Miji ko uwar miji ba su da hurumin a buɗe musu fayil ɗinki dan sun tambaya.

Amma bazan yi miki ƙarya ba, doka daban halin mutane daban. Akwai abokan aikinmu da bakinsu baya shiru, akwai mai cewa "ke ko kunya ba kya ji, da cikin?" a gaban mutum goma. Irin wannan maganar ce take sa mace ta daina zuwa awo gaba ɗaya ta haihu a gida, sai a kawo mana ita tana zubar da jini. Shawarata, kar ki faɗa a teburin da ake auna nauyi, ki ce kina son ganin likita ko babbar sista ke kaɗai. Haƙƙinki ne. In kin ga fuskar ba ta karɓe ki ba ki nemi wata.

Maganar miji kuwa, sau da yawa ya riga ya sani, wani ma shi yake kawowa. In mai fahimta ne shigo da shi yana taimakawa sosai. In mai duka ne ki gaya mana wannan ɗin ma, yana cikin jinyar.

Me zai samu jaririn?

Ya danganta da abin da ake sha da yawansa. Wanda aka fi gani shi ne a haife shi ƙarami ko bakwaini. Sai kuma wanda uwarsa ta sha dangin kodin har ƙarshen ciki, shi ma jikinsa ya saba, to da an yanke cibiya abin ya katse masa. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku zai fara wani kuka mai tsini da baya lallasuwa, jikinsa na karkarwa, ya ƙi kama nono, atishawa, hamma, gudawa, baya bacci. A gida sai a ce mayu ne ko iska ko tsanki, a yi ta hayaƙi da rubutu. Alhali abu ne da ake magancewa: ɗaki mara hayaniya da ƙarancin haske, a naɗe shi, uwa ta riƙa ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a ciyar da shi kaɗan kaɗan akai akai, in ya yi tsanani likitan yara ya ba shi magani a rage a hankali. Shi yasa muke cewa ki haihu a asibiti kuma kar ki matsa a sallame ki washegari dan za'a fara wankan jego.

Kuma shi yasa ungozomar da za ta karɓi haihuwar ya kamata ta sani. Maganin ciwon da za'a baki in aiki aka yi miki ba zai zama irin na kowa ba.

Zan iya shayarwa?

In likita ya ɗora ki a kan metadon ko bufrenofin kuma ba kya haɗawa da komai, eh, ana ma so ki shayar. In kodin ko tramol na kasuwa kike sha, a nan akwai haɗari, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa mai shayarwa kar ta sha su, dan jikin wasu matan yana juya su da sauri su taru a nono, jariri ya yi ta bacci numfashinsa ya yi ƙasa. Jaririn da baya farkawa shan nono, ko jikinsa ya saki, ko leɓensa ya canza launi, a ruga asibiti. Kuma in kin sha abin da ke sa ki nauyin bacci kar ki kwanta da shi a gado ɗaya.

Tun da na fara sha al'adata ta ɗauke, wata shida kenan. Ai ba zan ɗau ciki ba ko?

Zaki iya. Wannan kuskuren ya kai mata da yawa inda basu shirya ba. Dangin kodin suna rikita sinadaran da ke tafiyar da al'ada, ga rama ga rashin cin abinci, sai jinin ya ɗauke ko ya riƙa wasa, amma ƙwai yana iya fita ba sanarwa. Abin da mutane basu sani ba kuma, lokacin da mace ta fara samun sauƙi, ta fara ci ta fara cikowa, a lokacin ne haihuwar take dawowa da ƙarfinta, tun kafin ta ga jinin farko. Shi yasa nake ganin duk wajen jinyar da ya sallami matar aure ba tare da an zauna da ita a kan tazarar haihuwa ba, rabin aiki ya yi.

To wanne tsarin ya fi dacewa da mai irin matsalata?

Ke zaki zaɓa, ba wanda ya isa ya tilasta miki, kuma ina faɗin haka ne dan na ji ana cewa "irin waɗannan ai kawai a saka musu ashana". A'a. Ba dabba bace.

Amma ga gaskiyar kowanne. Ƙwayar kullum tana son mai tunawa, wadda wani lokacin sai azahar take farkawa za ta riƙa tsallakewa. Allurar wata uku ta fi sauƙi, har akwai Sayana Press da ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida. Ashanar hannu, wato 'yar robar tazara mai kamar tsinken ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, tana shekara 3 ko 5 ya danganta da irinta. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, kuma ranar da kike son ciki a cire.

Ga inda haɗa ɓangarorin biyu yake da amfani ƙwarai. A asibitin ƙwaƙwalwa ana yawan bada Tegretol dan jijjiga ko daidaita yanayi, to shi wannan maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu, mace na ganin ta kare kanta sai ga ciki. Allurar wata uku da robar mahaifa su baya taɓa su. Maganin tarin fuka rifamfisin shi ma haka yake rage ƙarfin ƙwayar da ashanar. Sai Epilim, wani maganin jijjiga, shi kuma in aka yi ciki a kansa yana iya nakasa jariri, musamman lakar baya, da jinkirin fahimta daga baya, bai kamata a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki ba sai an yi mata bayani an tabbatar tana da kariya. Likitan ƙwaƙwalwa bai san kina da ashana ba, mai saka ashana bata san kina shan Tegretol ba, ke kaɗai ce kika san duka biyun, dan haka ki riƙa faɗa wa kowanne. Kuma kar ki daina ko ɗaya da kanki.

Duk cikinsu babu mai kare ki daga HIV da ciwon sanyi sai kwaroron roba.

Malama, ni namiji ne. Tramol nake sha dan in daɗe da iyali, yanzu in ban sha ba babu abin da nake iyawa, in na sha ma abin ya fara ja baya.

Malam ba kai kaɗai bane, da yawan mazan da ke zuwa wajenmu ta wannan ƙofar suka shiga, wasu tun daren angwanci aboki ya basu. Gaskiya ne tramol yana jinkirta kawowa, shi yasa ake ruɗuwa. Amma shan sa na tsawon lokaci yana rage sinadarin mazantaka a jiki, sha'awa ta ragu, gaba ya daina miƙewa yadda ya kamata, maniyyi ma ya yi rauni. Sai mutum ya ƙara adadi, daga mai miligiram 100 ya koma 225 ɗin nan na bayan fage wanda hukumar NAFDAC bata ma amince da shi ba, ita 50 da 100 ta sani, daga nan sai jijjiga, wani a kan babur take kama shi. Sai kuma a haɗa da maganin maza na mai tallan mota da ba'a san me ke ciki ba.

Albishir ɗin shi ne yawanci jiki yana dawowa bayan an daina, amma yana ɗaukar makonni ko watanni, kuma farkon dainawa saurin kawowar zai iya fin na da. A nan ne da yawa suke komawa ruwa dan kunyar iyali. In da a wajen jinyar an gaya masa tun farko cewa haka zai faru kuma zai wuce, kuma saurin kawowa yana da nasa maganin da dabarunsa, da ya daure. Ka faɗa wa likitan dalilin da yasa ka fara sha, kar ka ce masa dan aikin ƙarfi ne. A duba maka suga da hawan jini ma.

Ni allurar fenta nake yi, amma ni da ƙawata kaɗai muke amfani da sirinji ɗaya.

Mutum biyu ma sun isa. Binciken da aka yi a 2020 ya samu kusan kashi 11 cikin 100 na masu allurar ƙwaya a Najeriya suna ɗauke da HIV, alhali a sauran jama'a 'yan 15 zuwa 49 binciken 2018 ya nuna kashi 1.4 ne. Ciwon hanta nau'in C ma ya fi HIV saurin bin allura. Ki yi gwajin uku: HIV, hanta B da C. Na C yanzu ana warkewa da ƙwayoyi na kamar sati 12. Na B akwai rigakafi, kuma jariri ana yi masa cikin awa 24 da haihuwa. HIV kuwa maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, mai ciki in ta riƙe shi da kyau da wuya jaririnta ya ɗauka, kuma ba'a cewa sai kin daina allura za'a baki. Kafin ki kai ga dainawa, sabon sirinji kowane lokaci. A 2020 ma an gwada shirin raba sabbin sirinji a Gombe da Oyo da Abiya saboda wannan dalilin.

Fenta, wato fentazosin, allurar kashe ciwo ce dangin kodin, ta fi kama masu sikila da ma'aikatan lafiya, mu kanmu kenan, kuma tana cinye naman cinya da damtse ta bar gyambon da baya jin magani.

An zuba min abu a lemo, na farka na san an yi min wani abu. Kwana biyu kenan.

Ki tafi asibiti yau, kar ki jira gobe. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana shan sa kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ita ma da wuri ta fi aiki, iyakarta kwana 5. Za'a baki na ciwon sanyi da rigakafin hanta. Akwai cibiyoyi na musamman dan wannan, Waraka a asibitin Murtala a Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Kayan da ke jikinki a lokacin kar ki wanke, ki tafi da su. Ko da ke kika sha abin da hannunki, wanda ya taɓa ki ba kya cikin hayyacinki fyaɗe ya yi.

'Yarmu ce ta lalace da shaye-shaye. Dangi sun kasu biyu, wasu a kai ta gidan mari wasu a yi mata aure ta nutsu.

Baba duka biyun ban goyi baya ba. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa, da bayanan cin zarafi, daga baya aka buɗe wasu a Katsina da Daura da Zariya. Wajen da babu likita babu mai gwajin ciki babu mace mai kula da mata, a kulle budurwa a ciki, ku da kanku kun san abin da ake tsoro. Addu'a da karatu a yi su, ba sa hana zuwa asibiti.

Aure kuma ba magani bane. Abin da nake gani shi ne wata huɗu da biki ga ciki ga shan yana nan, yanzu an zama mutum biyu, in ya gano ya sake ta ta dawo muku da goyo da ciwon da ya fi na da. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 tana duba HIV da hanta da sikila, bata warkar da shaye-shaye. Ku tambayi yarinyar me ya faru kafin ta fara, ku bari wata da ta yarda da ita ta tambaya ba a taron dangi ba. Sau da yawa akwai abin da aka yi mata da bata taɓa faɗa ba.

To ina za'a je?

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da na Dawanau a Kano duk suna karɓar masu shaye-shaye, haka sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ga mai ciki na fi son asibitin koyarwa ko babban asibiti, dan likitan mata da na ƙwaƙwalwa da na yara suna harabar guda, ba sai an hau adaidaita uku ba. NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040.

In za'a kwantar da mace a ko'ina ne, na gwamnati ko na kuɗi, ku yi tambayoyin nan kafin ku biya: ɗakin mata daban yake kuma mata ne ke kwana da su, ana gwajin ciki ranar shiga, in tana da ciki wa zai riƙa yi mata awo, in tana da goyo ya za'a yi da shi.

An sallame ni, na haihu lafiya, wata biyu ban sha komai ba. Shikenan na warke?

Barka, Allah ya raya. Amma yanzu ne nake son ganinki fiye da da. Lokacin ciki kowa na lallaɓa ki kuma kina da dalilin daurewa, bayan suna kowa ya watse, ga rashin bacci ga kukan jariri ga damuwar bayan haihuwa da bamu cika ɗaukarta ciwo ba, a nan ake komawa. Kuma jikinki ya manta adadin da, abin da kike shanyewa a da ki tashi ki yi girki yanzu zai iya tsayar miki da numfashi. Mutanen gida su san alamar: baccin da ba'a iya tashinki, numfashi sama sama ko minshari mai nauyi, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Ba manja ko madara ake ɗurawa ba, a kwantar da ke ta gefe a yi asibiti, akwai allurar nalokson da ke karya dangin kodin cikin mintuna.

Ranar da zaki kawo shi rigakafin sati 6 ki shigo wajena da katinki, mu yi maganar tazara, mu duba baccinki da cin abincinki, in sa miki ranar dawowa ta yi daidai da rigakafin sati 10 dan kar ki biya kuɗin mota sau biyu.